Turmi, Rijiya da Itace: Tarihin Aikin Gida a Azagor

Ke uwargida mai karanta wannan takarda, na san yadda ranarki take. Kin tashi tun kafin assalatu. Kin yi sussuka, kin yi surfe, kin tafi rijiya, kin dawo kin dama fura. Da la'asar ga neman itace, ga tuwon dare, ga yaro a baya yana kuka. In kin zo ajin yaƙi da jahilci, sai barci ya kwace miki alli. Wata ɗalibata ta ce mini: "Malama, ni dai na gaza. Kakata ta haifi goma ta riƙe gidanta, ni kuwa huɗu sun fi ƙarfina." Saboda maganarta na rubuta wannan tarihi. Kai ma maigida, ka karanta, da kai ake.

Mu fara da zamanin kakanni. A da, ƙasar Azagor da kwarin Tarka wurin kiwo ne. Buzaye da Fulani suna yawo da dabbobinsu. Inda ruwa da ciyawa suke, nan gida yake. In tabki ya ƙafe, sai a ɗaure kaya a tashi. Mace tana da aikin kafa bukka da tatsar nono da kaɗa mai, amma ruwa da itace ba su cika yi mata nisa ba, don gidan ne yake bin su.

Manoma Hausawa kuwa, yawancinsu suna kudu, suna zaune cikin gandu. Uba da ƴaƴansa maza da matansu, gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Girki bi da bi ake yi. Yau ke ce da girki, in kin fita sai kishiya ko faccala ta karɓa, ke kuma ki sami sararin yin kaɗi ko saƙar tabarma. Daka kuwa, mata biyu ko uku a turmi ɗaya, ana luguden taɓarya ana waƙa. Tsohuwar gida tana riƙon yara. To, kin ga kakar da ta haifi goma ba ita kaɗai ta rene su ba.

Akwai wata gaskiya da ba za mu ɓoye ba. A gidajen masu hali, bayi ne suke daka da jan ruwa. Turawan Faransa sun yi dokar hana bauta a 1905, amma abin bai mutu nan da nan ba. Sai a 2003 Nijar ta yi dokar da ta tanadi ɗauri ga mai riƙe da bawa. Hutun da wata ta samu a kan wuyan wata ba abin kewa ba ne. Kada kuma a ce zamanin da duk daɗi ne. Babu asibiti kusa, babu injin niƙa, kuma yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta kashe mutane da yawa a ƙasar Hausa.

To, yaya aka yi kaya ya yi nauyi?

A 1947 Turawa suka kafa bariki a Dakoro. Mutane suka yi yawa a kudu, gonaki suka yi kaɗan, sai manoma suka yi ta matsowa arewa suna saran daji. A 1961 gwamnati ta yi doka ta sa iyaka tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo, amma neman gona bai tsaya ba. Wanda ya taso neman gona, sau da yawa da matarsa da ƴaƴansa kawai ya zo. Uwa da ƴan'uwa suna can tsohon gari. Haka gandu ya yi ta rabuwa, kowa da tukunyarsa.

A 1963 aka kafa ma'aikatar OFEDES, mai haƙa rijiyoyin siminti. Wannan alheri ne babba, don rijiyar siminti ba ta rushewa kamar ta da. Amma ku kun san zurfin rijiyoyinmu. Sai an ɗaura igiya ga jaki ko sa ko raƙumi, yaro ya kora shi nesa, kafin wasaki ya fito. Garke yana jira, mata suna jira. Sa'an nan inda aka sami rijiya mai ɗorewa, nan mutane suke zama dindindin. In gari ya zauna, itacen kusa shi ne yake fara ƙarewa. Wanda kakarki take tsinta a bayan gida, ke sai kin yi tafiyar rabin yini.

Sai fari ya zo, na 1973 zuwa 1974, da na 1984. Dabbobi suka mutu, itatuwa suka bushe. Makiyaya da yawa da suka rasa garke suka zauna suka kama noma. Matar da ta saba da nono ta koma ga turmi kullum. Maza kuma suka yawaita tafiya cin rani, Maraɗi, Kano, har Libiya daga baya. A ganina, nan ne kayan ya fi yin nauyi. Maigida ya tafi da kaka, ba ya dawowa sai ruwa ya sauka. Duk watannin nan ita ce uwa, ita ce uba. Ita za ta shayar da awaki, ita za ta je kasuwa, ita za ta ɗauki yaro zuwa asibiti. Ƴar da take taya ta kuma ta shiga makaranta. Wannan abu ne mai kyau, kada a cire ta, amma hannu ɗaya ya ragu a gida. Ki lissafa da kanki: hannuwa sun ragu, hanya ta ƙaru. Ina ragwanci a nan?

An nemi magani, kuma wani ya yi aiki. A 1975, zamanin Seyni Kunce, aka kafa ƙungiyar matan Nijar. Injin niƙa ya shigo ƙauyuka. Aka kawo murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, mai rage cin itace. Jarka ta maye gurbin tulu, amalanken jaki kuma yana ɗauko ruwan da mace za ta yi sawu da yawa kafin ta kawo. Amma kowa ya taɓa ganin injin da ya tsaya, ko famfon da ya lalace aka bar shi, don ba a ajiye kuɗin gyara ba. An kawo ƙarfe, ba a shirya masu riƙe shi ba.

Abin da ya fi ɗorewa shi ne wanda ya fito daga adashi, abin da mata suka sani tun da. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanka cikin akwati mai kwado. Mai bukata ta ci bashi ta biya da ɗan ƙari. In lokaci ya cika a raba. Da kuɗin nan wata ta sayi akuya, wata ta biya niƙa, wata ta sayi jaki. Dabarar nan da ta fara a jiharmu ta bazu ƙasashen Afirka da yawa. Ni abin da na fi so game da ita ba kuɗin ba ne. Matan da rabuwar gandu ta raba sun sake samun wurin zama tare. Dama an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A zaɓen 2004 kuma, Azagor ta sami majalisar gundumarta. Maganar rijiya da famfo da injin niƙa ta sami inda za a kai ta, kuma dokar 2000 ta ce dole a sami mata cikin waɗanda ake zaɓa. Mai iya rubutu tana iya rubuta kukan garinsu, mata su sa hannu.

A ajinmu ga abin da muka gwada. Muka rubuta a allo duk aikin da mace take yi daga asuba zuwa dare. Layi ya cika allo, mata suka yi ta mamaki, har wadda ta ce ta gaza ta yi dariya. Sa'an nan gida uku uku suka haɗu. Yau amalanken wannan gida ya ɗebo ruwan duka ukun, gobe na wancan. Wadda ba ta da jaki ta riƙe yara. Muka kira mazan da suke gari muka karanta musu abin da yake allo. Wasu suka yi shiru, biyu suka ce daga yau itace a wuyansu yake, in sun dawo daga daji. Muka kuma mai da aji bayan azahar, lokacin da rana ta hana zuwa rijiya. Ɗalibar nan tawa tana zuwa yanzu, kuma ita ce take rubuta sunayen masu zubi a littafin asusunsu.