Jiran Godo: Yadda Wani Wasan Kwaikwayo Ya Sami Masu Kallonsa

A cikin wasannin kwaikwayon da masana adabi ke kira na rashin ma'ana, wato waɗanda ba kai ba gindi, babu wanda ya yi suna kamar Jiran Godo. Samuel Beckett, mutumin ƙasar Ailan mazaunin Faransa, shi ya rubuta shi da Faransanci tsakanin 1948 da 1949. Labarin bai taka kara ya karya ba. Wasu matalauta biyu, Vladimir da Estragon, suna zaune gindin wata bishiya a bakin hanya suna jiran wani mai suna Godo. Kullum da maraice sai yaro ya zo ya ce yau ba zai samu zuwa ba, sai gobe. Har aka tashi wasan bai zo ba.

An fara nuna shi ranar 5 ga Janairu 1953 a wani ɗan ƙaramin gidan wasa a birnin Faris, ƙarƙashin jagorancin Roger Blin. Rashin kuɗi na daga cikin abin da ya sa Blin ya zaɓe shi, domin 'yan wasa biyar da bishiya ɗaya kawai yake bukata. A 1955 Peter Hall, yana ɗan shekara 24, ya kai shi dandamali a Landan da Ingilishi. Ranar farko 'yan kallo suka yi ta tsaki da guna-guni, sai da wasu mashahuran masu sharhi biyu, Kenneth Tynan da Harold Hobson, suka yaba shi a jaridun Lahadi sannan kasuwarsa ta buɗe.

Mafi munin faɗuwarsa a Amurka aka yi ta, a garin Miami, cikin Janairu 1956. An tallata shi a matsayin wasan barkwanci, masu hannu da shuni da suka zo hutu suka cika zauren. Kafin a kai rabi da yawansu sun tashi sun yi gaba.

To, a nan ne abin lura yake. A watan Nuwamba 1957 wata ƙungiyar 'yan wasa daga San Francisco ta kai wasan kurkukun San Quentin, gaban fursunoni kusan 1,400. Shugaban ƙungiyar, Herbert Blau, ya shiga da fargaba, ganin abin da ya faru da masu ilimi da wadata. Amma fursunonin suka yi tsit har ƙarshe, kuma suka gane shi sarai. Ba wanda zai koya wa ɗaurarre ma'anar jiran abin da ba ya zuwa. Wani fursuna a can, Rick Cluchey, ya kafa ƙungiyar wasa a cikin kurkukun, bayan an sake shi kuma ya yi aiki da Beckett kansa. Ni ma ban fahimci wasan nan ba sai da na yi ritaya, na shafe watanni ina zarya bakin wani ofis kan hakkina, kullum ana cewa in dawo gobe.

Haka abin ya ci gaba. A Afirka ta Kudu lokacin mulkin wariyar launin fata, John Kani da Winston Ntshona sun fito a matsayin matalautan biyu a birnin Cape Town a 1980, kuma baƙar fatar ƙasar ba su bukaci a faɗa musu abin da ake jira ba. A 2007, shekara biyu bayan guguwar Katrina, an nuna shi a fili cikin unguwannin New Orleans da ambaliya ta rusa.

Amma a ganina babu wanda ya kai na Sarayebo. A watan Agusta 1993, birnin yana kewaye da sojojin Sabiyawa, ana ruwan harsashi, mazauna suna jiran ƙasashen duniya su kawo ɗauki, marubuciya Susan Sontag ta shirya wasan da 'yan wasan garin. Ba wutar lantarki, sai da kyandir aka haskaka dandamalin. Yunwa ta galabaitar da 'yan wasan, har sukan kwanta a ƙasa da zarar an tsaya hutu wajen gwaji. Kashi na farko kaɗai aka nuna, aka bar na biyu. Daga baya hukumar birnin ta sa wa filin da ke gaban babban gidan wasan ƙasar sunan Sontag.