Tarihin Littattafan Soyayya na Zamanin Mulkin Ingila a Indiya

Wannan rukuni ne na ƙagaggun labarai da ake rubutawa da Turanci, inda ake ɗora soyayyar jarumai a kan abubuwan da suka faru a Indiya lokacin da Turawan Ingila ke mulkinta. Mulkin kansa sananne ne: kamfanin East India ya riƙe ragama har 1858, gwamnatin Ingila ta karɓa, aka ba da 'yanci a 1947. Inda ake saɓani shi ne mafarin rukunin. Yawancin masu karatu suna fara lissafi daga The Far Pavilions na 1978, manazarta kuwa suna komawa baya da fiye da shekara ɗari, zuwa Seeta na Philip Meadows Taylor, wanda ya fito a 1872.

Hujjar manazarta ta fi nauyi. Taylor ya daɗe yana aiki ƙarƙashin Nizam na Hyderabad, kuma a Seeta ya haɗa duk kayan da na baya suka yi ta juyawa: jami'i Bature, Ba'indiya wadda mijinta ya rasu, aure tsakaninsu, da boren sojojin Indiya na 1857. Shi ne ma ya kafa ƙa'idar da ta daɗe ba a karya ba. Seeta ta mutu kafin labari ya ƙare, mijin ya koma ya auri Baturiya. An bar mai karatu ya ɗanɗana soyayyar da ta tsallaka launin fata, amma ba a bar ta ta yi zuriya ba.

Kasuwar ta buɗe sosai ne daga wajen 1890 zuwa shekarun 1920, kuma mata ne suka riƙe ta, su ke rubutawa, su ke karantawa. Buɗe mashigin Suez a 1869 ya rage nisan tafiya, Turawa mata suka yawaita a barikoki da gidajen jami'ai, wasunsu suka ɗauki alƙalami. Flora Annie Steel ta yi shekara 22 a Indiya, galibi a Panjab, ta iya harsunan mutanen wurin. Kafin ta rubuta On the Face of the Waters na 1896 sai da ta koma ta binciki takardun boren a Delhi, kuma wannan aikin ya nuna a jikin littafin. Maud Diver, haifaffiyar Murree da ke cikin Pakistan ta yau, ta yi ƙarfin halin da ya fi na takwarorinta a Lilamani na 1911, inda ta aurar da 'yar gidan Rajput ga ɗan babban gida na Ingila, auren kuma ya zauna. Sai dai amaryar 'yar manya ce ta gaske, abin da ke nuna cewa daraja ce ta sayi izinin. B. M. Croker da Alice Perrin sun cika kantuna da irin waɗannan labarai.

Wadda ta fi su duka samun masoya ita ce Ethel M. Dell. Littafinta The Way of an Eagle, wanda wasu ke sa wa 1911 wasu 1912 (shekarar bugun Landan, wadda ita aka fi dogara da ita), labarin wani hafsa ne da ya ceci 'yar kwamandansa daga sansanin da aka yi wa ƙawanya a kan iyaka, ya yi ta fama kafin ya samu zuciyarta. Indiya a wurin Dell fili ne kawai na nuna jaruntar Bature. Masu sharhi sun yi ta yi mata ba'a, masu karatu ba su kula ba. Mafi kyawun shaida kan haka ta fito daga bakin wanda ba masoyinta ba ne. George Orwell, wanda a Indiya aka haife shi, ya yi aiki a wani kantin littattafai a Hampstead mai sashen ba da aro, kuma a rubutunsa na 1936 ya ce babu marubucin da ake aron littattafansa kamar Dell, mata manya da ƙanana. Ɗakunan aro irin na Mudie da na Boots su ne suka kai waɗannan labarai hannun wanda ba shi da kuɗin saye.

Duk waɗannan an rubuta su mulkin yana raye. Bayan 1947 ne labarin ya koma tarihi na sosai, begen abin da ya wuce ya shigo. John Masters ya fitar da Bhowani Junction a 1954 kan wata yarinya ruwa biyu. A littafin ta ƙare da wani ruwa biyu irinta, a fim ɗin 1956 aka ba ta kanar Bature.

M. M. Kaye ce ta kai rukunin ƙololuwa. An haife ta a Simla a 1908, mahaifinta jami'in gwamnatin mulkin ne, mijinta hafsa ne a rundunar Guides. Shadow of the Moon ya fito a 1957, shekara ɗari cif da boren, bai yi wani tashe ba sai da aka sake buga shi a 1979. The Far Pavilions kuwa ya sayar da miliyoyin kwafi. Jaruminsa Ash ɗan Turawa ne da iyayensa suka mutu, mai renonsa Sita ta ɓoye shi ta rene shi a matsayin ɗanta Ashok. Ya girma ya zama hafsa, ya so gimbiya Anjuli, ya ƙwato ta ranar da aka ƙone gawar mijinta, labarin ya kai ga kisan tawagar Ingila a Kabul a 1879. Abin da masoyan littafin ke yabawa gaskiya ne: Kaye ta san ƙasar, ta san bikin aure da tafiyar ayari da zaman fada, kuma ba ta ɓoye girman kan Turawa ba. A nan masoyan sun rayu tare. Amma Anjuli tana da jinin Rasha ta wajen uwa, kuma ma'auratan ba su sami wurin zama a cikin Turawa ko Indiyawa ba, sai suka nufi duwatsun Himalaya. Tsohuwar ƙa'idar Taylor sassauta ta aka yi.

Paul Scott, wanda ya taɓa zama wakilin Kaye wajen masu buga littattafai, ya ɗauki hanya mai ɗaci a The Jewel in the Crown na 1966: Daphne Manners ta mutu wajen haihuwa, masoyinta Hari Kumar yana kurkuku. A 1984 aka nuna labarin Scott a talabijin kashi 14, aka kuma nuna na Kaye, inda Ba'amurkiya Amy Irving ta fito a Anjuli da fenti a fuska. A shekarar ce Salman Rushdie ya caccaki wannan yayi, yana ganinsa wankin sunan mulkin mallaka. Game da zaɓen 'yan wasa da mayar da talakan Indiya adon bango, gaskiyarsa ce. Haɗa Scott da sauran a kwando ɗaya kuwa bai yi wa Scott adalci ba.

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun fi sanin labarin ta ɓangaren Indiyawa, a 1942: A Love Story na 1994 da Lagaan na 2001. A Lagaan Baturiya ce ke son Ba'indiye kuma ita ce ta koma gida ba ta same shi ba. A Ingila har yanzu ana rubuta irinsu, kamar East of the Sun na Julia Gregson a 2008. Kaye ta rasu a 2004, shekara guda kafin a mayar da littafinta wasan dandamali a Landan.