Tarihin Jinyar Ciwon Karkarwa, daga Zauren Malam zuwa Wayar Ƙwaƙwalwa

Tun zamanin da Birnin Kudu da Gwaram suke ƙarƙashin Sarkin Kano, kai tun kafin Nasara ya kafa asibiti a ƙasar, dattijon da hannunsa ya soma karkarwa alhali yana zaune bai ɗauki komai ba, takunsa ya gajarce, muryarsa ta yi ƙasa, ba a rasa inda za a kai shi. In an ce tsufa ne, a ba shi haƙuri. In an ce iska ce ko sammu, a nufi boka. In kuwa gidan masu karatu ne, malam ya yi rubutu ya wanke a sha, ya yi tofi, wanzami kuma ya zo da ƙahonsa. Ba na ganin adalci ne a raina waɗannan bayin Allah, domin sun yi iyakar abin da saninsu ya kai, sun kuma riƙe majinyaci a tsakiyar iyalinsa cikin mutunci. Masana ilmin ɗibbu na Musulunci kuwa, tun Ibn Sina a littafinsa Alƙanun, sun lissafa karkarwar gaɓoɓi cikin cututtukan jijiya.

A 1817, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato, wani tabibi na birnin Landan mai suna James Parkinson ya siffanta wannan ciwo daga halin mutum 6, wasunsu ma a kan titi ya gan su, shi ya sa cutar ta ɗauki sunansa. Amma sababinta ya kasance a ɓoye har 1960, lokacin da Oleh Hornykiewicz ya tabbatar a birnin Biyana cewa wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ƙwaƙwalwa ke sarrafa motsin jiki da shi, ya ƙaranta ƙwarai ga masu ciwon. Daga nan George Cotzias na Amurka ya nuna a 1967 yadda ƙwayar lebodofa ke mayar wa jiki da abin da ya rasa. Wani abin al'ajabi cikin hikimar Ubangiji shi ne, sinadarin lebodofa yana cikin 'ya'yan ƙarara, tsiron nan mai ƙaiƙayi da manomi ke gudu a daji, ko da yake ba ya halatta mutum ya sha shi da ka ba tare da awon likita ba.

To, sai dai lebodofa tana da iyaka, domin bayan shekaru ƙarfinta yakan riƙa yankewa kafin lokacin shan wata, jiki kuma ya riƙa fizge-fizgen da mai shi bai nufa ba. A dā likitoci sukan ƙona wani ɗan gurbi a ƙwaƙwalwa don tsayar da karkarwa, aikin da in an yi kuskure ba ya gyaruwa. A 1987, a birnin Garanobul na Faransa, likita Alim-Louis Benabid, wanda mahaifinsa mutumin Aljeriya ne, yana gwada gurbin da lantarki kafin ya ƙona, sai ya lura cewa idan bugun ya haura 100 a daƙiƙa, hannun majinyaci yakan tsaya cik, in an kashe kuma karkarwa ta dawo. Ya ce ashe ba sai an ƙona ba. Tun daga nan ake huda ƙoƙon kai, sau da yawa majinyaci yana farke don a ga amfanin aikin nan take, a zura siririyar waya zuwa wani gurbi can ciki wanda bai kai ƙwayar wake ba, a haɗa ta da batir da aka binne ƙarƙashin fatar ƙirji. Hukumomin Amurka sun amince da aikin don karkarwa a 1997, don cutar Parkinson kuma a 2002.

Wajibi ne a faɗi haddin wannan aiki, domin kada mai dukiya ya sayar da gona bisa zato. Yana rage karkarwa da sandarewar gaɓoɓi, yana rage yawan ƙwayar da ake sha, amma ba ya kawar da cutar, ba ya kuma hana ta ci gaba. Game da hankali, wato mantuwa da ruɗewa da kan zo wa wasu a ƙarshen al'amari, wayar ba ta warkar da su. Hasali ma wanda hankalinsa ya riga ya raunana ba a cika yi masa aikin ba, wasu kuma bayan an yi musu kalmomi sukan yi musu nauyin fitowa. Ga tsada mai yawa, ga batir da ake sakewa bayan 'yan shekaru, ga bukatar gwanin da zai riƙa daidaita na'urar muddin rai.

Fannin tiyatar ƙwaƙwalwa ya kafu a Nijeriya tun 1962 ta hannun Latunde Odeku a Ibadan, yau kuma ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano inda ake samun likitocin jijiya. A ganina abin da ya fi gaggawa ga talakan Gwaram shi ne a gane ciwonsa da wuri, ya kuma samu ƙwayar da duniya ta sani fiye da shekara 50 ba tare da yankewa ba, domin mafi yawan masu ciwon ita ce za ta ɗauke su shekaru suna alwala da kansu, suna zuwa masallaci da ƙafarsu. Saboda haka ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su san alamun wannan cuta, ta kuma sanya lebodofa cikin magungunan da ake ajiyewa a Gwaram da Birnin Kudu a farashin da manomi zai iya biya.