Tarihin Maganin Zogin Haƙori: Daga Man Goge Baki Zuwa Haske

Wani mai sauraronmu, manomi daga ƙasar Funtuwa, ya ce da ya kurɓi ruwan randa sai haƙori ya ɗau zogi. Shin gaskiya ne ana maganin wannan da haske?

To malam, madalla da wannan tambaya. A ƙarƙashin farin ɓawon haƙori akwai 'yan ƙananan kafofi masu ruwa a ciki, sun miƙe har wajen jijiya. Tun 1678 wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, ya bayyana su bayan ya duba da madubin ƙara girman abu. A shekarun 1960 Martin Brännström, likitan haƙori a Siwidin, ya nuna cewa in ɓawo ya cinye ko dasashi ya janye, sanyi ko tsami kan motsa ruwan nan, shi kuma ya taɓo jijiya.

Magani ke nan ɗayan biyu ne: a toshe kafofin, ko a kwantar da jijiyar. A 1961 man Sensodyne ya fito a Amurka da sinadarin toshewa. A 1974 Milton Hodosh ya ba da rahoton wani gishirin fotashiyam mai kwantar da jijiya. A shekarun 1980 likitoci a Japan suka gwada hasken lesa.

Sabon abin da kuka ji kuwa, wasu ƙwayoyi ne, na zinariya ko waninsa, da ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Akan shafa su, a haska musu wani haske, su ɗau ɗumi daidai gurbin da ake so don a taimaka wa toshewar. Har yanzu aikin yana hannun masu bincike, ga kuwa dalilin taka tsantsan: gwajin da Zach da Cohen suka yi kan birai a 1965 ya nuna ƙarin zafi na digiri 5.5 kacal na iya kashe jijiyar haƙori.

Saboda haka kada wani ya ji an ce zafi magani ne, ya ɗora ƙarfe mai zafi a haƙorinsa. A rage dirza da ƙarfi, da aswaki ne ko da buroshi, a kuma rage tsami. In haƙorin ya yi rami ko zogin ya ƙi dainawa, a garzaya asibiti.

Da fatan an gamsu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.