Kunne Ya Girmi Takarda

Sau da yawa nakan ji mace ta ce ita ba ta yi boko ba, don haka ba ta da rabo a littafin hikaya. To uwargida, ajiye tsintsiyar nan ki ji tarihi.

Tun kafin biro ya zo Daura muna da labari. Labarin Bayajidda da Daurama da macijin rijiyar Kusugu a baki ya rayu, daga kaka zuwa jika. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Amma ko da aka buga su, masu iya boko 'yan kaɗan ne. Ɗaya ke karantawa, jama'a na saurare. Shi kansa Imam, da ya fitar da Magana Jari Ce a 1937, a bakin aku ya sa labaran, yana ba ɗan sarki da dare, kamar dai yadda ake tatsuniya.

Ga wani sirri kuma. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko jan wasali. Garin da ake shiga da garin da ake tankaɗewa rubutunsu ɗaya. Haka kukan jariri da kukar miya. Ido ba ya raba su, sai kunnen da ya san Hausa. Kuma "baƙi ƙirin" ko "ya faɗi tim", ai daɗinsu a faɗa yake.

Da mata suka shigo fagen, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya a 1987, daga baya Bilkisu Funtuwa da Allura Cikin Ruwa, hanyar ba ta sauya ba. 'Yar makaranta na karatu a tsakar gida, iyaye na saƙar hula suna musu kan halin kishiya. Yau a waya ake sauraro.

Abin tsoron shi ne yaranmu su iya haɗa baƙi, su rasa muryar Hausa. Don haka yau bayan sallar isha, ki sa ɗiyarki ta karanta miki a fili. Inda ta karya kalma, ki gyara mata. Ita ke da ido, ke ke da kunne.

Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.