Idan GTA Ya Gundure Ka: Mene Ne Mod, Yaya Ake Sa Shi, Kuma Ina Ake Ƙonewa?

Ranar da na gane GTA San Andreas ya fita raina, ina zaune ne a shagon yayana a Agege. An kawo wuta bayan kwana biyu, laftof ta cika da caji, kwastoma kuma babu. Na kunna, CJ ya fito daga gidansu a Grove Street, na ɗauki motar farko da na gani, na hau babban titi, na sauka, na sake hawa. Minti goma ban san inda za ni ba. Sai kawai na kashe na ɗauki waya. Wasan da a da nake hana idona barci a kansa!

Ga wanda bai sani ba, San Andreas na kamfanin Rockstar ne. Ya fito a PlayStation 2 a watan Oktoban 2004, ya zo kwamfuta a Yunin 2005, sannan wayoyi a Disambar 2013. Yana cikin wasannin da ake kira masu buɗaɗɗiyar duniya, wato ba a ɗaure ka a hanya ɗaya ba, an ba ka jiha guda an ce je ka yi abin da ka ga dama. Birane uku ne a ciki: Los Santos, San Fierro da Las Venturas, ga daji da hamada da ƙauyuka a tsakaninsu.

To me ya kawo gundura a wuri mai faɗi haka? A ganina faɗin ne ke ruɗar mutum. Taswira babba ce, amma abin da hannunka ke yi bai wuce huɗu ko biyar ba: tuƙi, harbi, gudu daga 'yan sanda, kai saƙo daga nan zuwa can. Muddin labari na tafiya ba ka lura, don kana son ka ga ƙarshen Big Smoke da ɗan sandan nan Tenpenny. Da labari ya ƙare sai a bar ka da tsince-tsince: fenti a bango guda 100 a Los Santos, hotuna 50 a San Fierro, kofaton doki 50 a Las Venturas, kawa 50 a cikin ruwa. Na yi fentin har saba'in da wani abu, sai na tambayi kaina, wai ni aikin wa nake yi? Ko a kasuwa ba na wannan wahalar kyauta.

A nan ne wani yaro mai gyaran waya a layinmu ya ce min, “Yaya, ai kai har yanzu na kamfani kake bugawa. Sa masa mod mana.”

Abin da ake nufi da mod

Kalmar gutsure ce daga kalmar Turanci mai nufin sauya abu ko yi masa kwaskwarima. Mod shi ne duk wani canji da masu buga wasa suka yi wa wasan da kansu, ba kamfani ba. Kamar mutum ya sayi babur sabo, ya canja masa kujera, ya ƙara fitila, wani ma ya taɓa inji.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne a tarihin gem. Counter-Strike mod ne na Half-Life da Minh Le da Jess Cliffe suka fitar a 1999. Dota daga taswirar Warcraft III ya fito. Shi kansa PUBG da samarinmu ke kwana a kai, mutumin da ya ƙirƙiro shi, Brendan Greene ɗan ƙasar Ayalan, da mod ya fara a kan wasan Arma kafin wani kamfanin Koriya ta Kudu ya ɗauke shi su yi wasa cikakke. Wato wani ne gundura ta kama, ya taɓa abin da ke gabansa.

A San Andreas, mafi sauƙi shi ne canjin kamanni. Motoci da mutane da gine-gine suna cikin wani babban fayil mai suna gta3.img, kowace mota da fayil biyu: mai ƙarshen .dff shi ne siffarta, mai ƙarshen .txd shi ne fentinta. Ka musanya su, mota ta canja. Haka na mayar da wata bas ta cikin wasan ta koma ruwan ɗorawa da baƙin layi irin danfo. Wallahi na yi dariya ranar, danfo a Los Santos, saura kwandasta a rataye a ƙofa. Irin wannan ne aka yi da yawa a wasu ƙasashe har ake sayar da faifan GTA na Masar ko na Bangaladash, alhali wasan Rockstar ne aka sauya wa riga.

Sai masu taɓa lissafin wasan. Akwai fayil handling.cfg a cikin folda mai suna data, rubutu ne zalla, Notepad ma na buɗe shi. Kowane layi mota ɗaya ce: nauyinta, iyakar gudunta, kamun birkinta. Na taɓa ƙara wa wata ƙaramar mota nauyi fiye da kima, ta koma tana ture tirela kamar kwali.

Waɗanda suka fi canja wasan su ne masu ƙara sabon aiki, kuma yawancinsu a kan CLEO suke tafiya. CLEO wani ƙari ne da ake ɗora wa wasan domin ya karɓi ƙananan umarni masu ƙarshen .cs. Da shi ake sa mota ta riƙa shan fetur har sai ka tsaya gidan mai, ko a kira kowace mota da danna maɓalli, ko a sa CJ ya tashi sama. Na fetur ɗin ya fi burge ni, duk da cewa abin dariya ne mutum ya baro layin mai a Legas ya zo ya ƙirƙiro wa kansa wani a cikin gem.

Akwai kuma manya irin SA-MP da MTA, waɗanda suka mayar da wasan mutum ɗaya ya zama na jama'a ta intanet, kowa da motarsa a gari ɗaya.

Matsalar siga, da labarin da ya jawo ta

Kafin ka sauke komai, duba wace siga ce a kwamfutarka. Galibin mod na San Andreas siga ta farko suke so, wato 1.0. Dalilin yana da labari. A Yunin 2005 wani ɗan Holan mai suna Patrick Wildenborg ya fitar da mod da aka sani da Hot Coffee, wanda ya buɗe wani ɓangaren batsa da kamfanin ya rufe amma bai goge daga faifai ba. Aka yi ca a Amurka, hukumar da ke sa wa wasanni shekaru ta mayar da wasan na manya zalla a watan Yuli, manyan kantuna suka janye shi. Rockstar ya sake fitar da shi babu wannan ɓangaren, kuma sigogin da suka biyo baya ba sa karɓar mod cikin sauƙi. Shi ya sa masu mod ke mayar da wasan baya zuwa 1.0 da wata manhaja kafin su fara. Wanda aka sabunta a Nuwambar 2021, Definitive Edition, shi kuma wani gini ne daban, tsofaffin mod ba sa hawa kansa.

Tunda maganar ta zo, iyaye su sani: GTA ko babu mod ba na yara ba ne, alamar 'yan shekara 17 zuwa sama ce a jikinsa a Amurka, 18 a Turai. Kuma a shafukan mod akwai na tsiraici a gauraye da na motoci. Wanda ya miƙa wa ɗan firamare waya da shi a ciki, to ya san abin da ya miƙa.

Yadda nake sa shi yanzu

Da farko kai tsaye nake buɗe gta3.img ina musanya fayil. Kuskure ne. Wata rana na sa motoci kusan ashirin a zama ɗaya, wasan ya ƙi tashi, ban san wacce ce ta ɓata shi ba, kuma ban ajiye na asali ba. Dole na goge na sake ɗorawa. Wanda ya fi ciwo ya zo daga baya: na sa wani mod da ya canja fayil ɗin labari, main.scm, ban san tsohon sabin ba ya aiki da shi ba. Cikin kiciniyar gyara na danne sabin ɗin da na yi watanni ina tarawa. Fentin nan saba'in da wani abu, duk sun bi ruwa.

Yanzu kafin komai ina kwafe foldar wasan gaba ɗaya, da foldar GTA San Andreas User Files da ke cikin Documents, inda sabin ke zama, in zuba a filash. Sannan in sa Mod Loader. Shi wannan folda yake buɗewa mai suna modloader, kowane mod ka ba shi ɗakinsa a ciki, ba ya taɓa fayilolin asali. Wanda ya kawo matsala ka cire foldarsa, shi ke nan. Ina kuma sa SilentPatch, wanda ba ya ƙara komai sai gyaran kurakuran da kamfani ya bari, har da maƙalewar linzamin kwamfuta a sababbin Windows. Bayan haka ɗaya bayan ɗaya: sa, kunna, gwada, sannan na gaba. Motoci masu nauyin fenti kuma a yi hankali da su, wasan tsoho ne, in suka yi yawa sai ka ga titi da gidaje suna ɓacewa a gabanka.

Wani abu da ba mod ba ne amma mutane da yawa ba su sani ba: a cikin waccan foldar ta User Files akwai User Tracks. Zuba waƙoƙinka a ciki, ka sa wasan ya bincika su daga saitin sauti, za su zama tashar rediyo a mota. Ni Shata na zuba. Hanyar hamada zuwa Las Venturas da kalangu wani abu ne daban.

Masu GTA V

Wanda ke da kwamfutar da za ta ɗauki GTA V, wanda ya fito a 2013 ya zo kwamfuta a Afrilun 2015, kayan aikinsa Script Hook V ne na Alexander Blade, da OpenIV na buɗe fayiloli. Sanannen mod a nan shi ne LSPDFR, inda kake zama ɗan sanda maimakon ɓarawo. Duk sanda Rockstar ya sabunta wasan, Script Hook V kan daina aiki sai an sabunta shi shi ma, don haka kar ka ɗauka kwamfutarka ce ta lalace.

Ka'ida ɗaya ba a wasa da ita: kar ka shiga GTA Online da mod, ana iya rufe maka asusu, kuɗin da ka sayi wasan ya tafi. A wasan mutum ɗaya kuwa an sassauta. A Yunin 2017 Take-Two, uwar kamfanin Rockstar, ta aika wa masu OpenIV takardar su daina, 'yan wasa suka yi bore, daga baya aka ce ba za a riƙa bin masu mod na mutum ɗaya da ba na kasuwanci ba, OpenIV ya dawo. Duk da haka a 2021 an sa an sauke wasu mod na tsofaffin GTA daga intanet. Sai ga shi a Agustan 2023 masu FiveM, wanda ake wasan kwaikwayon rayuwa a kansa, sun koma ƙarƙashin Rockstar ɗin kansa.

Inda ake ƙonewa

Mod manhaja ce da wani da ba ka sani ba ya rubuta, kai kuma ka ba ta ɗaki a na'urarka. A Mayun 2015 an gano wasu mod biyu na GTA V, Angry Planes da No Clip, ɗauke da ɓoyayyen fayil mai suna fade.exe da ke naɗe duk abin da mutum ya rubuta, har kalmar sirri. Kuma mod ɗin suna aiki lafiya, jirage na ta ruwan wuta a sama, ɓarawo na aiki a ƙasa.

A wajenmu hatsarin ya fi yawa a waya. Abin da yawancin samari ke kira mod shi ne APK da aka fasa, mai kuɗi marar ƙarewa, wanda ake turawa ta Xender ko a ɗora maka a kasuwa a kan 'yan canji. Wannan ba irin wanda na yi bayani ba ne, wasan ne sukutum aka farke aka sake ɗinkewa, ba ka san me aka cusa a ciki ba. Na taɓa karɓar irinsa a tsohuwar wayata. Yana hawa ya nemi izinin karanta saƙonni da ganin lambobin mutane. Me wasan mota zai yi da saƙonnina? A wayar da banki ke turo min lambar sirri, wayar da nake tura kuɗi gida da ita? Na goge shi a take, amma tallace-tallace ba su daina faɗowa ba sai da na wanke wayar gaba ɗaya. Mai sana'ar POS ko mai karɓar kuɗin kaya ta waya, don Allah kar ya haɗa wayar kasuwa da irin wannan.

A kwamfuta ina tsayawa kan sanannun shafuka irin Nexus Mods, ModDB da GTA5-Mods, ina karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa kafin in sauke. Motar da ta zo a matsayin .exe maimakon .dff da .txd ba na buɗe ta. Wanda ya ce sai na kashe manhajar tsaro tukuna, na bar masa kayansa.

Shin ya magance gundurar?

Rabi da rabi. Na kamanni ba sa daɗewa. Danfo ta ba ni dariyar kwana uku, daga nan ta zama mota kamar kowace. Akwai ma lokacin da na lura ina ɓata awa biyu wajen nema da saukewa da gyara, in buga minti goma in kashe, data kuma ta tafi. Nema ɗin ya zama shi ne wasan.

Waɗanda suka riƙe ni su ne masu canja abin da nake yi a garin. Na fetur ya sa na fara lissafin hanya kafin in bar Los Santos. SA-MP kuma ya fi duka, don a can mutane ne na gaske. Na yi makonni ina tuƙin tasi a wata saba ta kwaikwayon rayuwa, ina tsayawa a jar wuta, ɗan sanda mutum ne, fasinja mutum ne, wani ya biya, wani ya buɗe ƙofa ya ruga. Ba ya cin data kamar kallon bidiyo, amma yana son netwok mai tsayuwa, in yana rawa sai ka ga motar gabanka ta ɓace ta bayyana a bayanka. Ni sai bayan sha ɗaya na dare yake zauna min a unguwarmu, shi ma in janareton maƙwabci bai mutu ba, don da shi muke jan wuta.