Giranit: dutsen da ke kwance ƙarƙashin Jazira da Shuɗin Nilu

Giranit dutse ne da ya samu daga narkakken dutse wanda ya huce a hankali cikin ƙasa, tsawon miliyoyin shekaru. Jinkirin hucewar ne ya sa ƙwayoyinsa suka yi girman da ido ke iya rarrabe su: kwaz mai kama da gilas, felsifa fari ko ja-ja, da maika mai walƙiya. Shi ne falalen dutsen da ake gani a Birnin Damagaram da Kufena ta Zariya, shi ne kuma yawancin abin da ake fasawa a yi tsakuwar gini.

Inda yake a Sudan

Wanda ya ratsa Jazira ba ya ganin komai sai shimfiɗaɗɗen baƙin laka. Amma ƙarƙashin lakar, musamman ta kudu da yammacin Sannar har zuwa Damazin, tsohon dutse ne kwance, giranit da danginsa. A wasu wurare yakan leƙo sama ya zama tsauni, kamar Jabal Moya da Jabal Saƙadi. Madatsar ruwa ta Sannar, wadda aka gama a 1925 don shayar da gonakin audugar Jazira, da duwatsu aka gina ta, kuma tsawonta ya kai kilomita 3. Kusa da ita ne garin Mai Wurno yake, inda Muhammadu Bello Mai Wurno da jama'arsa suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. Madatsar Rusairis kuwa, da aka gama a 1966 aka kuma ƙara mata tsawon mita 10 a 2013, a kan irin wannan tsohon dutse harsashinta yake.

Nauyi da ƙarfi

Giranit mai faɗi da tsawo da kauri mita ɗaya-ɗaya yana da nauyin kusan tan 2.7. Lafiyayyensa yana jure dannin tan 1 zuwa 2.5 a kan kowane murabba'in santimita kafin ya farfashe. Sai dai ƙarfinsa wajen ja bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, sau da yawa ma bai kai ba. Shi ya sa mafasa dutse ba sa ɓata ƙarfinsu wajen danne shi: sukan kafa ƙarfe a tsaga su buɗe ta. Wasu kuma wuta suke hurawa a kansa, domin ƙwayoyinsa ba sa kumbura daidai da juna idan sun yi zafi, sai ya tsattsage.

Abin da zurfi ke canzawa

Kowane kilomita ɗaya na zurfi yana ƙara dannin kusan kilo 270 a kan murabba'in santimita, zafi kuma yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a yawancin wurare. Matsin da ke zuwa ta kowane gefe yana rufe ƙananan tsagogin dutsen, don haka giranit na can ƙasa ya fi na sama ƙarfi, ruwa kuma ba ya ratsa shi da sauƙi. Haɗarin yana zuwa ne idan aka haƙa rami: gefen da aka buɗe ya rasa abin da ke tokare shi, sauran nauyin kuma yana nan. Dutsen kan yi ta ɓarewa, wani lokaci ya fashe farat ɗaya ya yi jifa da ɓaraguzai, abin da ke kashe ma'aikata a ramukan ma'adinai masu zurfi. Rashin ratsuwar ruwan ne ya sa Finlan ta haƙa ma'ajiyar sharar nukiliya ta Onkalo cikin irin wannan dutse, a zurfin sama da mita 400.

Batun ruwan sha

Nan ne maganar ta fi shafar ƙauyuka. Kofofin da ke jikin lafiyayyen giranit ba su cika kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka ba ya riƙe ruwa yadda dutsen yashi ke riƙewa. Ruwan da ake samu yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da kuma tsagoginsa. Tun da tsagogin suna raguwa suna kuma matsewa yayin da ake nitsawa, ƙara zurfin rijiyar burtsatse ba ya tabbatar da ruwa. Rijiyoyi biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya ta faɗa kan tsaga ta kawo ruwa, ɗayar ta bushe ƙurmus.

Wannan ne dalilin da ya sa ƙauyukan da ke nesa da kogi da magudanan Jazira suka dogara da hafira, wato tafkin da ake haƙawa a tara ruwan damina, kamar yadda Damagaram ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwa a kan nata dutsen. Jama'ar da za su haɗa kuɗin rijiya a irin wannan ƙasa, gara su fara biyan masu auna ƙasa da na'urar lantarki su nemo tsaga da kaurin ruɓaɓɓen dutse, sannan su yi yarjejeniya da mai haƙa kan zurfin da za a tsaya idan an tarar da lafiyayyen dutse.